Siklid ya ƙi cin abinci: yadda ake gano ciwonsa da yi masa magani a tankin gida

Duk wanda ya ajiye siklid ya san halinsu da safe. Kafin ka buɗe gwangwanin abinci sun riga sun taru a gaban gilashi suna turereniya. To ranar da ka zuba abinci bakwai suka taso, na takwas ya maƙale a bayan dutse, ko kuma ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya tauna ya tofar, ranar aiki ya same ka. Siklid kifi ne mai haɗama, ba ya barin abinci haka kawai.

Abin da yawancinmu ke yi a irin wannan rana shi ne mu ruga kemis mu sayo kafso, mu fasa mu zazzage a ruwa. Ni ma na yi haka a shekarata ta farko da fara kiwon kifin ado, kuma cikin mako guda na rasa kifi biyar. Sai daga baya na gane abin da ya faru: maganin ya kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cikin filta, ruwan ya zama guba, kifin da ciwonsa bai taka kara ya karya ba ya tafi, ya tafi da huɗu masu lafiya. Har yanzu abin yana yi mini ciwo, shi ya sa na jera matakan nan yadda na jera su. Magani yana can wajen ƙarshe, kuma da yawa daga cikin masu karatu ba za su kai gare shi ba kifinsu zai warware.

Ga wanda sunan ya yi wa baƙo, karfasar da muke soyawa siklid ce. Dangi ne babba. Akwai na manyan tafkunan gabashin Afirka, wato Malawi da Tanganyika da Biktoriya, masu launin shuɗi da rawaya da aka fi gani a shagunan kifin ado. Akwai na Kudancin Amurka irin su oska da anjel da diskas. Akwai kuma na nan yankinmu, kamar kiribensis na kogunan kudancin Najeriya da Kamaru. Ka san wanne ne a tankinka, domin ruwan da suke so da abincinsu ba ɗaya ba ne.

Mataki na farko: zauna ka kalla

Kada ka taɓa komai tukuna. Jawo kujera ka zauna ɗan nesa da tankin, minti 15 ko 20, har kifayen su manta da kai. In kana tsaye a kansu rawar neman abinci kawai za ka gani.

Ka lura da numfashinsa. Murfin kunnensa, wato murfin gefen kansa da ke motsi in yana numfashi, yana buɗewa da sauri fiye da na sauran? Gefe ɗaya kawai yake motsawa? Yana hawa saman ruwa yana haki? Ka lura da fikafikansa, a buɗe suke ko ya tsuke su a jiki. Yana goga jikinsa da dutse ko tsakuwa kamar mai ƙaiƙayi? Cikinsa ya kumbura ne ko ya lotsa? Launinsa ya koɗe ko ya yi duhu? In ka samu ganin kashinsa ka yi sa'a, domin yana faɗin abubuwa da yawa: na mai lafiya yana da launin abincin da ya ci, kuma yana yankewa da wuri, na marar lafiya kuwa fari ne siriri kamar zare yana binsa a baya. Da dare ka kashe fitilar ɗaki ka haska shi da tocila ta gefe. Ɗigo-ɗigo da yauƙin da ba sa fitowa da rana sai ka gan su.

Tambaya mafi muhimmanci a wannan zama ita ce: kifi ɗaya ne ko da yawa? In duk tankin ya yi laushi lokaci guda, kusan kullum ruwa ne ko guba. In ɗaya ne, to ana iya maganar cuta ko duka ko ƙwai.

Sannan ka tambayi kanka abin da ya sauya cikin mako biyu da suka wuce. Ka kawo sabon kifi? Ka wanke filta? Ka sauya abinci? An ɗauke wuta ta daɗe? An fesa maganin sauro a ɗakin? Wannan na ƙarshen ina so a riƙe shi da kyau. Maganin sauro na feshi da na hayaƙi da fiya-fiya guba ne mai tsanani ga kifi, kuma famfon iska yana zuƙo shi ya tura cikin ruwa kai tsaye. Haka sabulu da man shafawa da turaren da ke hannunka, da bokitin da aka taɓa wanki a ciki. Ruwa ba ya tsami banza.

Ka ɗauki hoto da bidiyo, ka rubuta kwanan wata da abin da ka gani. Bayan kwana uku ba za ka iya tuna ko cikin ya ƙara kumbura ko ya ragu ba sai da hoto.

Mataki na biyu: auna ruwa

Ruwa na iya zama garau kamar na sha amma yana ƙona kifi. Ido ba ya gane wannan, sai abin gwaji. Na ruwa-ruwa da ake ɗigawa a 'yar kwalba ya fi na takarda inganci, amma ko na takardar ka samu ya fi babu.

Ga yadda abin yake tafiya. Kifi yana fitar da amoniya ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama. Wasu bakteriya da ke zaune a soson filta suna mayar da amoniya zuwa abin da za ka ga an rubuta NO2 a kwalbar gwaji, wasu kuma su mayar da NO2 zuwa NO3. Amoniya da NO2 guba ne, dole gwaji ya nuna sifili. NO3 yana da sauƙi, amma a riƙe shi ƙasa da miligiram 40 a lita, in so samu ne ƙasa da 20, kuma sauya ruwa ne ke fitar da shi. Sabon tanki yana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin bakteriyar nan su kafu, shi ya sa kifin da aka zuba a tanki ranar da aka sayo shi ke yawan mutuwa a watan farko.

Akwai wani abu da ya shafi masu siklid na Malawi da Tanganyika musamman. Kifayen nan suna son ruwa mai pH sama (pH awon tsamin ruwa ne, in lambar ta hau tsamin ya ragu), wajen 7.8 zuwa 8.6, kuma a irin wannan ruwa gubar amoniya ta fi ƙarfi, in ya yi zafi kuma ta ƙara. Adadin da anjel zai jure a pH 6.8 zai iya jikkata kifin Malawi a pH 8.2. Duk da haka ba na ba da shawarar a riƙa bin pH da sinadarai ana ɗaga shi ana sauke shi. Lambar da ta tsaya wuri ɗaya ta fi wadda ke hawa da sauka. Kanwa kuwa kada ta kusanci tanki, ko da wani ya ce maka tana ɗaga pH. Tana ɗagawa, amma ba ka san ƙarfinta ba, ba ka san abin da ke gauraye da ita ba.

Zafin ruwa ya kasance tsakanin digiri 24 da 28. A nan ne yanayinmu ke shigowa. Da hunturu, a Disamba da Janairu, tankin da ba shi da hita na iya sauka ƙasa da digiri 20 da asuba sannan ya hau da rana, kuma wannan hawa da sauka yana karya garkuwar kifi. Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, ruwan kan haura 31, ruwa mai zafi kuma iskar da yake riƙewa kaɗan ce. Kifin da ke haki a saman ruwa a watan Afrilu sau da yawa iska yake nema. Buɗe murfi, kunna fanka ta riƙa busa saman ruwan, ƙara dutsen iska, wato ɗan dutsen da famfon iska ke fitar da kumfa ta cikinsa, in ta kama ka sa robar ƙanƙara a rufe ta yi ta yawo a ciki. Kada ka sauke zafin fiye da digiri 2 cikin 'yan sa'o'i.

Sai maganar wuta. In filta ta tsaya sa'o'i masu yawa, bakteriyar da ke cikinta suna rasa iska, wasu su mutu, dattin ciki ya fara ruɓewa. Da an kawo wuta sai ta amayo duk wannan cikin tanki. In wuta ta daɗe ba ta zo ba, ciro soson ka ɗauraye shi a ruwan da ka ɗebo daga tankin, ka zubar da ruwan da ya kwana cikin filtar, sannan ka kunna. Ƙaramin famfon iska mai aiki da batir ko fawa banki ya fi kowace kwalbar magani amfani a gidan mai kifi a ƙasar nan.

Mataki na uku: sauya ruwa, dakatar da abinci

Ko gwaji ya nuna matsala ko bai nuna ba, ko ma ba ka da abin gwajin, wannan mataki ba ya cutarwa. Ka zuƙe kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan da tiyo, kana bin tsakuwa kana kwashe dattin da ya kwanta. Sabon ruwan ya zo daidai da zafin na ciki. In na famfo ne a sa masa maganin kashe kulorin. In na burtsatse ne ko rijiya, a bar shi ya kwana a buɗe da dutsen iska a ciki, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan fito da ƙarancin iska. In amoniya ko NO2 sun nuna, a maimaita sauyin kullum har su koma sifili. In NO2 ne ya hau, gishiri giram 1 a kowace lita yana rage shigarsa jinin kifi.

Abu ɗaya: in tankin ya yi watanni ba a sauya masa ruwa ba, kada ka sauya rabi farat ɗaya. Kifayen sun saba da tsohon ruwan duk da muninsa. Ka yi kashi 15 kullum har kwana biyar ko shida.

Soson filta ba a wanke shi a bakin famfo, ba a kuma sauya shi duka a rana ɗaya. A matse shi a ruwan tanki kawai.

Ka dakatar da abinci kwana biyu. Babban siklid mai ƙoshin lafiya yana yin mako bai ci ba, ba abin da zai same shi, kuma duk abincin da ba a zuba ba amoniya ce da ba a ƙara ba. In bayan kwana biyu kifin ya buɗe fikafikai ya fara zagaye, ka gama. Ruwa ne, ka gyara yadda kake kula da shi.

Mataki na huɗu: tabbatar cewa ciwo ne

Abubuwa biyu suna kama da ciwo a wajen siklid alhali ba shi ba ne.

Na farko abin farin ciki ne. Yawancin siklid na Malawi da Biktoriya mace ce ke ɗaukar ƙwanta a baki, kamar yadda karfasa ke yi. Sai ka ga ta daina ci, ta keɓe kanta, ƙasan haɓarta ya kumbura, tana motsa baki kamar mai tauna. Takan yi wajen mako uku a haka kafin ta saki 'ya'yan. In ka kama ta da koma ka sa ta a magani, za ta tofar da ƙwan ko ta haɗiye. Ƙyale ta kawai, ka ƙara mata maɓoya. Haka kuma ɗigon rawaya masu kama da ƙwai da ke kan fiffiken ƙasa na namiji ado ne na halitta.

Na biyu shi ne zalunci. Siklid yana da yanki, yana kuma kare shi da gaske. Kifin da ka gani ya rataye a kusurwar sama ta tanki, ko ya ɓuya bayan hita, launinsa ya koɗe, wutsiyarsa a yayyage, ɓawon gefensa ya zube, galibi korarre ne. Mai dukan ba ya yi a gabanka, shi ya sa na ce ka zauna nesa. Wanda aka daka a raba shi ya huta. A babban tankin kuma a rushe jerin duwatsun a sake tsara su, a ƙara maɓoya, a rage yawan maza. In azzalumin ɗaya ne kuma ya ƙi daddara, shi ya kamata a fitar. Na sha ganin an yi ta ba kifi magani wata guda, ana mayar da shi wajen mai dukansa, ana mamakin yadda ciwon ke dawowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: yawancin ƙwayoyin cutar nan suna cikin tankin tun da, wahala ce ke buɗe musu ƙofa.

Mataki na biyar: tankin jinya

Ba sai na gilashi ba. Sabuwar robar da ba ta taɓa ganin sabulu ba, mai cin lita 40 zuwa 60, ta isa. A sa ruwan babban tanki rabi, sabo rabi, da dutsen iska, da hita in lokacin sanyi ne, da ɗan soso daga tsohuwar filta, da fasasshiyar tukunyar ƙasa ko guntun bututu ya samu wurin ɓuya. Kada a zuba tsakuwa, domin kana so ka ga kashinsa ka kuma kwashe shi. A rufe sama, siklid yana tsalle. Koma da tiyo da bokitin wannan tanki su zama nasa shi kaɗai.

Dole ka san yawan ruwan, don da shi ake auna magani. In mai kusurwa huɗu ne, auna tsawo da faɗi da zurfin ruwan da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000, abin da ya fito shi ne lita. In roba ce mai zagaye, ƙirga da jarkar da ka san awonta lokacin da kake cikawa, ka yi alama a jiki.

Mataki na shida: sa wa ciwon suna

Kumburin ciki. Wannan ne ya fi kashe siklid na Malawi da wani jinsinsu na Tanganyika da ake kira turofiyas, har ana kiransa kumburin Malawi. Sunan yana yaudarar mutane, domin kumburin a ƙarshe yake zuwa. Farkonsa kifi ya ɗauki abinci ya tofar, sai ya daina zuwa gaba ɗaya, sai farin kashi kamar zare, sai saurin numfashi da keɓewa. In ciki ya riga ya kumbura, hanta da ƙoda sun taɓu, kuma yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Wanda aka kama a matakin tofar da abinci shi ne yawanci ke tsira.

Tushen abin yana da alaƙa da abinci. Kifayen da ake kira mbuna a tafkin Malawi gansakuka suke kankara a jikin duwatsu, hanjinsu dogo ne, an yi shi don ganye. A nan kuwa abin da ya fi sauƙin samu shi ne abincin tarwada na masu gonar kifi, wanda furotin ɗinsa kan haura kashi 40 cikin 100, ga kuma mai. In aka ɗora mbuna a kansa, aka haɗa da ruwa mai datti da tsangwama, sai wasu ƙananan ƙwayoyi da ke zaune a hanjinsa su yi yawa su ci ƙarfinsa.

Maganinsa metronidazole ne, wanda aka fi sani da Flagyl. In kifin ba ya ci, a ruwa ake sa shi, wajen miligiram 6 zuwa 7 a lita. Ƙwaya mai miligiram 200 ta yi daidai da lita 30. A niƙa ta lukwi, a dama a kofin ruwan ɗumi, a zuba. Kullum a sauya kashi 30 zuwa 50 na ruwan kafin a sa na ranar, har kwana 5. A kashe fitilar tankin, haske yana lalata maganin. Ƙwayar za a nema, kada a yi amfani da na ruwa na yara, akwai sukari da wasu abubuwa a ciki. In kuwa kifin yana ɗan ci, ta baki ya fi aiki nesa ba kusa ba: ƙwaya ɗaya mai miligiram 200 a giram 20 na abinci, a dama da ɗigon ruwa, a shanya a inuwa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kwana 5 zuwa 7. Gishirin Epsom, wato sinadarin magnesium sulphate, babban cokali ɗaya a lita 20, yana taimaka wa hanji ya saki. Gishirin girki ba ya maye gurbinsa a wannan ciwo. Ranar da ya fara karɓar abinci, fara masa da dafaffen koren waken nan da ake sa wa a shinkafa, a ɓare masa fata a murƙushe, daga nan a koma abinci mai sifirulina, wani irin gansakuka, da alayyafo da kokwamba.

Farin ɗigo. A kwalaben magani za ka ga an rubuta Ich. Kifi ya zama kamar an barbaɗa masa gishiri, kowane ɗigo daban, a fikafikai da jiki, yana goga kansa da dutse. Yana yawan ɓullowa bayan an kawo sabon kifi ko bayan daren sanyi. Sanin rayuwar ƙwayar cutar da ke haddasa shi shi ne rabin maganin. Ɗigon da kake gani ƙwayar ce a ƙarƙashin fata, magani ba ya kai mata. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ta rufe kanta, ta rarrabu ɗaruruwa, sannan 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi. A wannan lokacin na iyo kaɗai ake iya kashe su. Saboda haka abu biyu: duk tankin ake yi wa magani, raba kifi ɗaya ba ya wadatarwa, kuma ɓacewar ɗigo ba warkewa ba ce.

A ɗaga zafi a hankali, digiri 1 a kowace sa'a 12, zuwa 29 ko 30, don ƙwayar ta gama zagayenta cikin 'yan kwanaki. A ƙara iska sosai. In bazara ce ruwan ya riga ya kai haka, kada a ƙara. A sa gishiri tsantsa marar haɗi, giram 1 a lita ranar farko, a ƙara 1 washegari, a ƙara 1 a rana ta uku, ya zama giram 3 a lita. A narkar da shi a bokiti tukuna. Gishiri ba ya bin tururi, don haka in ka sauya ruwa, na ruwan da ka cire kawai za ka mayar. A riƙa zuƙe tsakuwa duk bayan kwana biyu. A ci gaba har kwana 10 zuwa 14, kuma aƙalla kwana 4 bayan ɗigo na ƙarshe ya ɓace. In ya yi tsanani, ko akwai tsirrai da kifayen ƙasa marasa ɓawo da ba sa jure gishiri, a nemi maganin farin ɗigo na shagon kifi, mai malachite green, a bi awon da ke jikin kwalbar.

Farin tabo mai yaɗuwa. A nan ake kuskuren da ke kashe tanki guda. Akwai cutar bakteriya da ake kira kolumnaris, tana fitowa kamar fari ko tokar tabo a baki, ko a gadon baya kamar sirdi, gefen fikafikai na zagwanyewa, kifi yana haki. Ba ɗigo-ɗigo ba ce, shimfiɗa ce, kuma tana gudu, tana iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Zafi yana ƙara mata ƙarfi. Wanda ya ɗauke ta farin ɗigo ya ɗaga hita ya zuba wa wuta fetur. A sauke zafi zuwa 24 ko 25 in da hali, a raba kifin, a sa gishiri, sannan a je wajen likitan dabbobi da hoto ya zaɓi maganin bakteriyar da ya dace da awonsa. Nan ne kaɗai wurin irin wannan magani, kuma a tankin jinya. Ka sani kuma cewa dangin tetracycline, irin kafson da muka saba fasawa, ƙarfinsu yana raguwa ƙwarai a ruwa mai yawan ma'adinai irin wanda siklid na Malawi ke zaune a ciki.

Ramuka a kai. Ciwon oska da diskas ne galibi. Ƙananan ramuka suna fitowa a goshi da kewayen ido, su bi layin gefen jiki. A hankali yake tafiya, kuma kusan duk inda na gan shi na tarar da babban kifi a ƙaramin tanki, NO3 ya yi sama, abinci iri ɗaya shekara da shekaru. Oska yana kai santimita 30, tankin lita 100 ya yi masa kaɗan. Sauyin ruwa sau biyu a mako da abinci iri-iri su ne ginshiƙi. In akwai farin kashi a haɗa da metronidazole ta abinci. Ramukan suna rufewa cikin watanni, wani lokaci tabo ya rage.

In kifi yana goga jiki, yana saurin numfashi, murfin kunne ɗaya a rufe, ruwa lafiya, kuma babu ɗigo, a yi zargin ƙananan tsutsotsin da ke manne wa fata da jan naman numfashi. Maganinsu praziquantel ne, wanda ake ba masu fitsarin jini, miligiram 2 a lita. Ƙwaya mai miligiram 600 ta lita 300 ce, kuma ba ta narkewa da sauƙi, sai an niƙa an girgiza sosai. A maimaita bayan mako guda saboda ƙwan da suka rage.

Farin abu mai gashi kamar auduga a kan rauni naman gwari ne, ruwa mai tsabta da shuɗin maganin kifi da ake kira methylene blue a tankin jinya sun isa. Yagewar fiffike daga cizo tana warkewa da kanta in ruwa na da kyau. Ido ɗaya da ya fito yawanci bugu ne, in biyu ne a duba ruwa da ciwon ciki.

Mataki na bakwai: yadda ake ba da magani

Magani ɗaya a lokaci ɗaya. In filtarka tana da gawayi a ciki, cire shi, yana shanye magani. Ƙara iska, domin yawancin magunguna suna rage ta. Bayan ka zuba, ka zauna kusa sa'a guda. In kifin ya fara birkicewa ko kwanciya a gefe, sauya rabin ruwan nan take. Ka cika kwanakin ko da ya ga sauƙi a rana ta biyu. In an yi kwana 5 babu wani canji, a sauya ruwa sosai, a mayar da gawayi kwana ɗaya ya kwashe ragowar, a koma matakin farko a sake kallo kafin a gwada wani. A tankin jinya a riƙa auna amoniya kullum.

Ka kula da kanka ma. In akwai ciwo ko yanka a hannunka kada ka tsoma shi a tanki sai da safar roba, akwai bakteriyar kifi da ke shiga fatar mutum ta haifar da ƙurji mai wuyar warkewa. Ka wanke hannu bayan kowane aiki, kada kuma ka ja tiyo da baki. Magungunan nan a ɗaga su inda yara ba sa kaiwa. Kifin da aka yi wa magani da malachite green ba a cinsa, ba a kuma jefa wa kaji ko kyanwa, ko da karfasa ce aka ajiye don ado.

In ya warke, da in bai warke ba

Alamar warkewa ita ce cin abinci da kwaɗayi, fikafikai a buɗe, kashi mai launi. Ka bar shi mako guda ko biyu a tankin jinya ya yi ƙarfi. Ranar mayarwa, ka sake tsara duwatsun babban tanki, ka ciyar da na ciki su ƙoshi, ka kashe fitila, sannan ka sake shi. In ba haka ba za su karɓe shi a matsayin baƙo su rufar masa. Robar jinyar kuma a wanke ta a shanya a rana a ajiye. Duk sabon kifin da ka sayo nan gaba, a cikinta zai fara zama mako 4 kafin ya ga sauran.

Wani lokaci kuwa an makara. In ɓawon jikinsa ya miƙe ya zama kamar abarba in ka leƙa shi ta sama, ko ya kwanta a gefe kwana da kwanaki ba ya iya tashi ba ya ci, da wuya ya dawo. Barinsa a haka azaba ce, kuma dabba ce da ka ɗauki amanarta. Kada a jefa shi a masai ko kwata da ransa, kada a sa shi a firiza, kada a sake shi a kududdufi ko kogi ya kai wa kifayen can cuta. Hanya mafi sauƙi gare shi ita ce man kanumfari. A sa shi a ƙaramin mazubi da ruwan tankinsa. A auna mililita 0.4 na man ga kowace lita, a girgiza shi da ruwan ɗumi a 'yar kwalba har ya yi fari kamar madara, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan cikin minti biyar. Zai yi barci tukuna, sannan numfashin ya tsaya. A bar shi a ciki aƙalla minti 30 bayan murfin kunnen ya daina motsi gaba ɗaya, sannan a haƙa rami a binne shi. Daga nan a koma babban tankin a auna ruwa, a zauna a kalli sauran ɗaya bayan ɗaya, musamman wanda ya fi zama kusa da shi.